Butar Babarbariya da Sunan Ɗan Fari

Shekarun baya, ba da daɗewa da gama yaƙin basasa ba, muna zaune a Haɗeja, a wata unguwa can gefen gari ta wajen kogi. Lokacin ba a gina madatsun ruwa a kan kogin ba, saboda haka duk damina kogin yakan cika ya batse, ya malale fadama har kusa da bayan gidajenmu. Asalinmu Fulani ne, amma shanu sun daɗe da barinmu. Maigidana noman shinkafa yake yi, kuma abin da ya rage mana na Fulatanci bai wuce dogon hanci da kunya ba. Kunyar kuwa mun riƙe ta gam.

Na faɗi haka ne saboda yaran yanzu, da nake ji suna rangaɗa wa ɗan fari kira da sunansa a gaban surukai ko a jikinsu. A zamaninmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Nawa ɗan farin namiji ne, kuma da aka yaye shi ya koma ɗakin uwar mijina, wadda muke kira Inna. Tsakar gida ɗaya muke. Inna tana ce masa "angona", ubansa yana ce masa "kai yaro", ni kuwa in ta kama dole sai in ce "ɗan Inna".

Yaron ya kai wajen shekara huɗu bai ce uffan ba. Ba kurma ba ne, don ko daga ƙarshen gida aka juye tulu a randa sai ka gan shi ya taho. Amma in kiransa kake yi, ka yi ta yi har muryarka ta dushe. Ba ya kallon idon mutum. Yakan jera ƙwallayen goruba a gindin katanga, in kaza ta ture guda ɗaya ya yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. Abu ɗaya yake so a duniya: ruwa. Da ya ga ƙofa a buɗe, kogi ya nufa, kuma ba ya waiwaye.

An yi masa rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Sai wata rana yayar Inna ta zo mana kwana biyu, tsohuwa mai kaifin baki. Ta zauna tana kallonsa yana kaɗa hannuwa a gaban randa, ta ce, "Ku daina wahalar da malamai. Wannan ɗan ruwa ne. A kai shi bakin kogi a ajiye, a koma gefe. In na mutanen ruwa ne, za su karɓi abinsu."

Maigidana ya ce wannan camfi ne, kada ya sake jin maganar a gidansa. Ba a sake yi a gabansa ba, amma maganar ta riga ta fita unguwa. Ni kuma ba ni da bakin kare yaron, tunda a ido ba ɗana ba ne. Abin da na iya shi ne na ɗora dutse a kan murfin randa, na riƙa sakaya ƙofa. Muka raba shi da ruwa, shi kuma ya ƙara rikicewa.

A wannan shekarar aka kawo wani malamin gona gidan da ke jikin namu. Matarsa Babarbariya ce, nas a asibitin gari, doguwa, baƙa, da tsage a fuska da ƙamshin turaren wuta da ke riga ta shiga wuri. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa. Ranar da ta fara shigowa gaishe mu ta dube ni ta ce, "Ashe an ajiye min baiwa a maƙwabta. Fulata, gobe ki zo ki share min tsakar gida." Na yi dariya na rama. Amma jikina bai ba ni ba. Mace ta daɗe da aure ba haihuwa, tana fita aiki da farin kaya, tana taɓa marasa lafiya da gawa ba ta tsoro. Na ce wannan sai an sa mata ido.

Wata rana da la'asar na nemi yaron na rasa. Na ɗauka kogi ya tafi. Ashe ta wata kafa a jikin zana ya kutsa gidanta. Na same shi tsugune a gaban bahon wankinta, hannu cikin ruwa, ita kuma ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana kallonsa. Ba ta kore shi ba, ba ta yi salati ba kamar yadda kowa yake yi. Kallonsa kawai take yi, irin kallon da mai sayen akuya yake yi a kasuwa.

Ta ce, "Fulata, yaya sunansa?"

Na ce, "Ki tambayi Inna."

Ta yi dariya ta ce, "Au, ɗan fari ne. Na manta da ciwonku."

Washegari ta je wurin Inna da kanta. Ta ce a babban asibitin da ta yi aiki a kudu ta zauna da wani likita mai kula da irin waɗannan yara, ta ga yadda ake koya musu abu kaɗan-kaɗan. Ta ce ba warkar da shi za ta yi ba, kada ma a sa rai. Abu ɗaya take so ta koya masa: in an kira shi ya tsaya, ya zo. Ta ce yaron da ke zaune a bakin kogi, wannan ya fi masa magana amfani. Inna ta amince, a ganina don Babarbariyar tana kawo mata man shafawa na ciwon gwiwa. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Kullum in ta dawo daga aiki ta yi la'asar, sai a miƙa mata shi. Ni kuwa sai in ɗauki tsintsiya in tafi share gindin zana. Wurin nan bai taɓa shan shara irin ta wannan shekarar ba. Ta kafar da ya kutsa nake leƙe.

Abin da na gani ya ƙara tayar min da hankali. Ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da shi a gabanta, ta riƙe wata 'yar buta ta ƙarfe kusa da fuskarta. Sai ta kira sunansa, cikakken sunansa na yanka, sau ɗaya. Ta yi shiru. In ya ɗago ido ko da na ƙiftawa ne, nan take ta tsiyaya masa ruwa a tafin hannu, ta ce, "Madalla!" In bai ɗago ba, ba ta sake kira, ba ta tsawa. Sai ta jira, ta ɗan karkaɗa butar, ta sake gwadawa daga baya. Shi ke nan. Haka za su yi na ɗan lokaci, kafin ya gaji ta sallame shi.

Ku duba min. Yaron da ake cewa mutanen ruwa ne suke kiransa, yaron da muka sha wahala muka raba shi da randa, shi ne baƙuwa ta zo tana kiran sunansa tana zuba masa ruwa a hannu. In ku ne, me za ku ce? Ni dai na ce ɗayan biyu ne: ko tana da hulɗa da su, ko kuma mallake shi take so ta yi tunda ba ta da nata.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin ya fara ci. Kafin rani ya yi nisa, tana kira yana juyowa. Sai ta ja da baya ta kira daga bakin ɗaki. Sai ta koma bayansa. Sai ta ɓoye butar a bayanta, ba ya ganinta sai ya iso. Daga baya ta riƙa barinsa ya miƙe ya kama tafiya, sannan ta kira, ya tsaya cak ya dawo da hannuwa a buɗe. A gidanmu kuwa Inna tana ta "angona, angona, angona" yana wuce ta kamar turmi. Yaron da bai san uwarsa ba, bai san kakarsa ba, ya san muryar Babarbariya. Na ce ai magana ta fito.

Na fara bincike irin nawa. Wata rana ta shiga ɗaki, na lallaɓa na ɗanɗana ruwan butar. Ruwa ne. Na shinshina, ƙamshin turarenta kawai na ji, wanda ko kazar gidanta tana yinsa. Na ce to, maganin ba shi da ɗanɗano. Bayan kwana biyu na zubar da ruwan nata na cika butar da ruwan rijiyarmu, na koma bayan zana ina jiran asiri ya karye. Ta kira, ya zo da gudu. Na ce to, ba a ruwan yake ba, a jikin butar yake. Har cikinta na leƙa ko zan ga laya a manne.

Saura gwaji ɗaya, kuma shi ne mai nauyi. Wata rana da hantsi Inna ta fita barka, gida ba kowa. Yaron yana jera gorubarsa. Na duba hagu, na duba dama, na rage murya kamar mai gulma, na faɗi sunan. Wannan ne karo na farko da ya fita daga bakina tun ranar da aka raɗa shi. Yaro ko gezau. Na sake, na sake, ina ƙara jin kunya. Bai ɗago ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na wanke fuska, na nufi gidanta da ta dawo.

Na ce, "Baiwar Allah, ki faɗa min gaskiya. Me kika ba shi?"

Ta ce, "Ruwa. Na rijiyarku ma, tun ranar da kika canja min."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Ƙafarki tana fitowa ta ƙarƙashin zana, Fulata. Kullum ina ganin lallenki."

Na dake na ce, "To don me ni na kira bai zo ba?"

Ta daina dariya. Ta ce, "Kin kira? Da bakinki?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, alhamdu lillahi, abin da nake jira ke nan. Bai zo ba don bai taɓa jin sunan a muryarki ba. Irinsu abin da suka koya a wurin mutum ɗaya, a nan yake tsayawa, sai an sake koya musu a wurin wani. Kuma na san yadda kika yi. Kin yi raɗa, kin jera kira kamar mai talla, hannunki ba komai. Da ya zo me zai samu?"

Na ce Inna ce take da shi, a koya wa Inna. Ta ce, "Inna ba za ta bar 'angona' ba, kuma gwiwarta ba ta kai ta zaure. Ni kuma baƙuwa ce, duk ranar da aka canja wa maigidana wurin aiki na tafi. Wa zai rage? In ya nufi kogi, kunyarki ce za ta tare shi?"

Na ce mata wannan ba tarbiyyarmu ba ce, na fita a fusace. A raina na ce so take ta kunyata ni a unguwa, a ce Babarbariya ta sa Bafillatana ta zubar da mutuncinta. Amma washegari na koma, da sharaɗin za a rufe ƙofa, kuma ba wanda zai ji.

Daga farko aka sake. Ni a tabarma, buta kusa da fuskata, yaro a gabana yana kallon gefe. Ita tana tsaye a baya tana gyara ni. "Ɗaga murya, ba sata kike yi ba." "Sau ɗaya, na ce. Haɗiye na biyun." "Zuba, zuba yanzu, kin makara!" Faɗin "madalla" ma sai da ya zame min aiki, don ban saba yabonsa ba. Ranar da ya fara ɗago kai ya dube ni, idonsa cikin nawa, na kwarara ruwan har na jiƙa masa riga. Ban taɓa sanin kalar idon ɗana da kyau ba sai ranar.

Ta kafa min doka. Kada in kira sunan sai ina nufin ya zo. Kada in kira don in hana shi abin da yake so ko in yi masa faɗa. Kuma in ya zo, ko me nake yi, in ajiye in ba shi ruwansa nan take. Ta ce, "Kada ki yi masa alkawarin banza. Shi ba ya mantawa."

Farkon damina aka ɗaga mijinta zuwa wani gari. Ta bar min butar. Ko da take miƙo min sai da na sake leƙa cikinta, ta ce, "Fulata, ke dai ba za ki shiryu ba." Na ci gaba da yi a ɗakina, ƙofa a rufe, in Inna ta yi barcin rana.

Da ruwa ya cika, aka yi rasuwa a wani ƙauye a tsallaken fadama, dangin su Inna. Yayarta ta biyo ta gidanmu don su tafi gaisuwa tare a kwalekwale. Da za a fita sai yayar tata ta ce, "A zo da angon namu ya raka mu mana. Kullum a kulle kamar ɗan akuya?" Har yau ban san abin da ke ranta ba, Allah ya jiƙanta, amma ban yarda da wannan rakiya ba. Sai dai ba ni da ta cewa. Inna ta riƙe hannunsa, ni na goya ƙanwarsa, na ɗauki ƙullin kayan Inna a ka, muka bi su da sauran matan dangi. Butar Babarbariya tana ɗaki, don da wane dalili zan fito da ita?

Bakin ruwa cike yake da jama'a, masunta, masu jiran jirgi, 'yan rakiya. Inna ta saki hannunsa don ta tattare zani ta taka jirgi. Wannan ɗan sakin ya isa. Kafin mu farga ya bi gaɓa ya yi nisa, ya nufi wurin da ƙasa ta zaftare, inda ruwan yake murɗawa. Ba gudu yake ba, tafiya yake kai tsaye, yana kaɗa hannuwa don murna.

Inna ta hau kira, "Angona! Angona!" Mazan suna can suna fama da lodi. Na yunƙura, ga goyo, ga kaya, ga taɓo har idon sawu. Sai na ji an riƙe min hannu. Yayar Inna ce. A hankali ta ce, "Ku bar shi tukuna, mu gani."

Na fizge hannuna. Na buɗe baki na kira sunan ɗana, da muryar da ban san ina da ita ba, a gaban uwar mijina da yayarta da matan dangi da mazan da ban sani ba. Na biyun ya taso min har maƙogwaro, na haɗiye shi. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a rayuwata.

Ruwa ya riga ya taɓa ƙafarsa. Ya tsaya. Ya ɗan jima yana kallon kogin, duk faɗinsa, duk abin da yake so a duniya yana gabansa. Sannan ya juyo. Ya taho yana tsallake taɓo, ya wuce kowa, ya tsaya a gabana ya buɗe tafukan hannunsa.

Ni kuma ba ni da komai. Na tsaya ina kallon hannuwan nan, na tuna maganar Babarbariya, na ji hawaye ya zo. In na juya neman ruwa na makara, in na kai shi bakin kogin na rushe komai. Sai na ji an tura min abu a hannu. Butar alwalar Inna ce, wadda ta ɗauko don tafiya.

Ta ce, "Zuba masa, yarinya. Yana jira."

Na zuba. Na ce "Madalla" da ƙarfi, kowa yana ji.

Tsohuwar ta tafa hannu ta ce, "Yau na ga abin da ya ishe ni. Uwa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a!"

Inna ta karɓi butarta ta ce, "Wace uwa? Ni ban ji kowa ya kira kowa ba. Shiga jirgi, Yaya, rana tana yi."

Daga ranar ban sake jin kalmar ɗan ruwa a gidanmu ba. Sai da Inna ta dawo daga gaisuwa ta ce min, tana kallon wani wuri, gindin zana ya sha shara haka nan, in riƙa yin abin a tsakar gida inda akwai inuwa. Ashe ita ma ta daɗe da sani. A gidan nan dai ni kaɗai na ɗauka ina da sirri.

Yaron bai warke ba, kamar yadda aka faɗa mana tun farko. Ya girma da 'yan kalmominsa kaɗan. Yanzu gemunsa ya yi fari, yana zaune da ƙaninsa, shi yake ban ruwa a gonar alkama da rani, kuma ba a taɓa masa kwamin shukar da ya tsara. Jikata ta ce min yanzu ana kiran abin galahanga, har akwai masu karatu musamman don koyar da irin waɗannan yara tun suna ƙanana. Na ce Allah ya ƙara musu haƙuri, ya kuma kare su daga uwa mai leƙe ta zana. Babarbariyar ban sake ganinta ba, ban san ko tana raye ba. In an tambaye ni nakan ce har gobe ban gama yarda ba, ƙila dai akwai abin da ta ɓoye min. Amma ba na sallah in tashi ban sa ta a addu'a ba.

Jikar tawa da ta karanta wannan ta ce in rubuta sunansa mana, ai zamani ya canja. Na ce a'a. Ta ɗauka tsohuwar kunya ce, na bar ta a haka. Gaskiyar ita ce sunan nan ba na faɗinsa sai ina nufin ya zo. Har yau sau ɗaya nake kira. Har yau kuma in ya iso, dattijo da shi, hannuwansa a buɗe suke, shi ya sa buta ba ta nisa da inda nake zaune.